Ginin da Ke Bin Dutse: Nazari kan Sabon Salon Gine-gine a Tsaunukan Alps

Tun daga shekarun 1980 wani salon gini ya fara kafuwa a tsaunukan Alps na Turai, salon da ke neman ginin zamani ya zauna lafiya da tsaunin da aka dasa shi a kai. Mai zanen gini a wannan salo yakan fara duba gangaren wurin, da inda iska ke kaɗowa, da hanyar da dusar ƙanƙara ke bi idan ta zaftaro, da irin dutse da itacen da ake samu a kwarin, kafin ya ja layi ko ɗaya a takarda. Tsaunukan sun ratsa ƙasashe takwas: Faransa, Monako, Italiya, Suwizalan, Liechtenstein, Jamus, Ostiriya da Sulobeniya. Faɗinsu ya kai kimanin murabba'in kilomita 190,000, mazaunansu kuwa kusan miliyan 14 ne. Salon ya fi ƙarfi a jihar Graubünden ta gabashin Suwizalan, da jihar Vorarlberg ta yammacin Ostiriya, da lardin Tyrol ta Kudu a arewacin Italiya. Daga baya ƙasar Norway ta ɗauke shi ta shimfiɗa a kan hanyoyinta na tsauni.

Dalilan da suka haife shi sun haɗa da ɓarnar da gine-ginen yawon shaƙatawa suka yi a baya, da haɗarin tsauni, da dokoki, da fargabar mutuwar ƙauyuka, da sabbin dabarun sarrafa katako. Sakamakonsa kuma ya rabu biyu. Inda jama'ar wuri suka riƙe filinsu da sana'arsu, salon ya ƙara musu ƙarfi. Inda kyan ginin ya zama hajar sayarwa, ya jawo irin cunkoso da tsadar da aka ƙirƙiro shi don gujewa.

Siffofin salon

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko ita ce cusa gini cikin gangare har ya kusa ɓacewa. Fitaccen misali shi ne gidan wankan ruwan ɗumi na ƙauyen Vals da ke Graubünden, wanda Peter Zumthor ya zana aka buɗe a 1996. Bayan ginin na cikin tudu, rufinsa ciyawa ce da ta haɗe da makiyayar da ke sama, bangonsa kuma falalen dutse ne kusan 60,000 da aka yanko daga ma'adinin da ke cikin kwarin, aka jera su ɗaya bisa ɗaya. Haka Zaha Hadid ta yi a gidan tarihin hawan dutse na Reinhold Messner da ke ƙololuwar Kronplatz, mai tsayin mita 2,275, wanda aka buɗe a 2015. Mafi yawan ginin na ƙarƙashin ƙasa, bakunan kankare kawai ke leƙowa waje suna fuskantar duwatsun da ke kewaye.

Hanya ta biyu ita ce ɗaukar kayan gini da hannun magina daga wurin, a yi sabon fasali da su. A Sumvitg, bayan dusar ƙanƙara ta rushe tsohuwar majami'ar ƙauye a 1984, Zumthor ya gina wata ƙarama da katako a 1988, mai siffar ganye, ya lulluɓe ta da ƙananan falankai irin waɗanda manoman yankin suka saba rufe gidajensu da su. Rana da ruwa sun rine ɓangaren kudu ya yi duhu, na arewa ya yi toka-toka, kamar sauran rumbunan da ke kan gangaren.

Hanya ta uku ta shafi can sama, inda bishiya ba ta tsira kuma babu wani tsohon gida da za a yi koyi da shi. A nan ginin kan ɗauki siffar dutse ko ƙanƙara. Masaukin masu hawan dutse na Monte Rosa, wanda aka buɗe a 2009 a tsayin mita 2,883, ƙashinsa katako ne, fatarsa alminiyam mai kusurwa-kusurwa. Masaukin Goûter da ke kan hanyar hawa Mont Blanc, a tsayin mita 3,835, an yi shi kamar ƙwai a 2013, domin guguwa ta zame ta gefensa ta wuce.

Abin da ya haɗa hanyoyin uku shi ne ƙin kwaikwayon tsohon gidan manomi don ado kawai. Tun 1913 mai zanen gini Adolf Loos, mazaunin Vienna, ya rubuta wasu gajerun ƙa'idoji ga mai gini a tsauni, inda ya ba da shawarar a lura da yadda manomi ke gini amma a binciki dalilin kowace siffa. Kamar yadda maginin ƙasar Hausa ya san dalilin kaurin katangar tubali da tsawon indararo, haka kowane kwari a Alps yake da hujjar fasalinsa. A Suwizalan, gidajen Engadin suna da bangon dutse mai kauri da ƙananan tagogi masu buɗewa waje kamar mazurari, don su tara haske su tare sanyi. Rumbunan Valais na tsaye bisa ƙafafu, an sa faifan dutse a kan kowace ƙafa don hana ɓera hawa. Mutanen Ticino da dutse suke rufi saboda shi ne a ƙofarsu. Masu sabon salon hujjar suke ɗauka, siffar kuma su bar ta ta sauya.

Dalili na farko: abin da aka gina a baya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ya tashi daga nishaɗin masu hannu da shuni ya zama hutun ma'aikata. Gwamnatin Faransa ta shiga harkar da ƙarfinta a wani shiri da ya gudana daga 1964 zuwa 1977, aka kafa sabbin garuruwan hutu a saman tsaunuka inda da makiyaya ce kawai, irin su Les Menuires da Flaine. Da yawa daga cikinsu dogayen benayen kankare ne, irin waɗanda ake gani a bayan garin Paris, aka ɗora a tsayin da ya haura mita 1,500. Akwai waɗanda tun a lokacin suka yi ƙoƙarin bin gangare, kamar Avoriaz mai bangon falankai wadda mota ba ta shiga, da Les Arcs inda Charlotte Perriand ta jingina gine-gine da tudu. Amma yawanci saurin samar da gadon kwana ne ya yi jagora. A 1977 shugaban ƙasa Valéry Giscard d'Estaing ya yi jawabi a Vallouise wanda ya taka wa shirin birki.

Martanin farko da kasuwa ta mayar bai fi abin da aka guda ba. Sai aka koma gina benen kankare mai hawa biyar ko shida, a manna masa katako da baranda mai sassaƙa, a ɗora masa rufi mai doro, a kira shi gidan gargajiya. Irin waɗannan gidaje suka cika kwaruruka daga Faransa har Ostiriya, duk kamarsu ɗaya, ba ruwansu da bambancin kwari da kwari. Masu sabon salon sun taso ne suna adawa da abu biyu a lokaci guda: benen birni da aka kai tsauni, da gidan gargajiya na jabu. Kyautar sabon gini a Alps da garin Sexten na Tyrol ta Kudu ya fara bayarwa a 1992 ta taimaka wajen haɗa kansu da fito da ayyukansu.

Dalili na biyu: haɗarin tsauni

Tsauni ba ya yafe kuskuren magini. A hunturun 1951 zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe mutane sama da 200 a faɗin Alps, kuma Vals na cikin ƙauyukan da abin ya fi shafa. A Fabrairun 1970 mutum 39 suka mutu a wani masaukin matasa da ke Val d'Isère ta Faransa. A ranar 23 ga Fabrairun 1999 dusar ta afka wa Galtür ta Ostiriya ta hallaka mutum 31. Kowane bala'i ya bar darasi a doka da kuma a fasalin gini. Suwizalan ta raba filayen ƙauyukan tsauni a kan taswira da launuka: a jan yanki ba a sabon gini, a shuɗi ana yi amma da sharaɗin ƙarfafa bangon da ke fuskantar tudu da rage ƙofofi da tagogi a wannan gefen.

Wannan ya sa kariya ta zama wani ɓangare na zane tun daga tushe. Magabata kan gina tsinin dutse a bayan gida don ya tsaga dusar biyu, ko su saukar da rufi ya haɗe da tudu don ta bi ta kai ta wuce. Gini mai shiga ƙasa na yau jikan wannan dabara ce. A Galtür, bayan bala'in, an gina katangar kariya mai tsawon mita 345, aka jingina gidan tarihi da ofishin 'yan kwana-kwana a bayanta, ta yadda katanga da gini suka zama abu ɗaya. A Mogno ta jihar Ticino, Mario Botta ya maye gurbin majami'ar da dusar ta share a 1986 da wata mai kaurin bango, an jera farin marmara da baƙin dutsen yankin layi-layi.

Dalili na uku: dokoki da ƙuri'ar jama'a

Faransa ta kafa dokar tsaunuka a 1985, wadda ta wajabta sabon gini ya manne da ƙauyen da ke akwai maimakon ya warwatsu a makiyaya. A 1991 ƙasashen yankin suka fara rattaba hannu kan Yarjejeniyar Alps a birnin Salzburg, don kare muhallin tsaunukan tare. Mataki mafi tsauri ya zo ne daga masu zaɓe a Suwizalan. A ranar 11 ga Maris 2012 suka amince, da rinjayen kashi 50.6 cikin ɗari, cewa duk gundumar da gidajen hutu suka kai kashi 20 cikin ɗari na gidajenta ba za a ƙara gina irinsu a cikinta ba. Mai fafutukar kare muhalli Franz Weber ne ya jagoranci yunƙurin, dokar aiwatarwa kuma ta fara aiki a farkon 2016. Abin da ya harzuƙa jama'a shi ne ƙauyukan da tagoginsu ke rufe kusan duk shekara, sai makonni kaɗan na hutu.

Da fili ya yi wuya, izini kuma ya yi tsauri, sai ingancin zane ya zama hanyar shawo kan hukuma da maƙwabta. A yawancin gundumomin Suwizalan da Vorarlberg, ginin jama'a kan bi ta gasar zane, sannan a wurare da dama mazauna su kaɗa ƙuri'a kan kuɗinsa. Wannan ya ba matasan masu zane damar samun aikin makaranta ko zauren taro ba tare da sun yi suna ba tukuna.

Dalili na huɗu: fargabar mutuwar ƙauye

Noman tsauni ba ya iya gogayya da na fili. Gona a gangare take, damina gajera ce, inji ba ya shiga ko'ina. Shekara da shekaru matasa na sauka birane, makarantu na rufewa. Wasu ƙauyuka sun ɗauki gini a matsayin maganin wannan ciwo. Vrin, ƙauye mai mutum kusan 250 a ƙarshen kwarin Lumnezia, shi ne abin misali. Mazaunansa suka saye filayen gini da ke cikin ƙauyen don kada dillalai su rigaye su. Wani ɗan ƙauyen, Gion Caminada, wanda ya fara da koyon kafinta kafin ya zama mai zane, ya ɗauki tsohuwar dabarar jera gungumen katako ana sarƙe su a kusurwa, ya faɗaɗa ta. Da ita ya gina garken shanu na zamani, da zauren taro, da mahauta inda manoma ke sarrafa namansu su sayar da kansu, da ɗakin ajiye gawa kusa da maƙabarta a 2002. Itacen daga dajin gundumar yake, masu aikin kuma 'yan kwarin ne, don haka kuɗin bai fita waje ba. A 1998 ƙungiyar kare gadon gine-gine ta Suwizalan ta ba Vrin kyautar Wakker.

Vals ma da wannan niyya ta fara. Gundumar ce a 1983 ta sayi otal ɗin ƙauyen da ya durƙushe, ita ce kuma ta ɗauki Zumthor aikin zana gidan wankan, a lokacin da sunansa bai wuce jiharsa ba sosai. Norway ta yi irin wannan lissafi a matakin ƙasa: daga 1994 hukumar hanyoyinta ta fara shirin da ya kai ga zaɓen hanyoyi 18, ana gina wuraren tsayawa da dandamalin kallo a kansu don matafiya su ratsa yankunan karkara su kashe kuɗi a can. Dandamalin Stegastein na 2006, wanda ya miƙe mita 30 daga gefen dutse a tsayin mita 650 bisa ruwan Aurland, da na Trollstigen na 2012, daga wannan shiri suka fito.

Dalili na biyar: sabbin dabaru

A can sama lokacin aiki watanni kaɗan ne na bazara, hanya kuma babu. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne haɗa sassan gini a masana'anta. A shekarun 1990 aka inganta wani irin allon katako a Ostiriya, wanda ake manna falankai a gicciye hawa-hawa har ya yi ƙarfin ɗaukar bene. Injin da kwamfuta ke sarrafawa kan yanka kowane sashe daidai awo, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauka, kafintoci su ɗaure a wurin cikin 'yan makonni. Da haka aka gina masaukin Monte Rosa, aikin haɗin gwiwa tsakanin jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurich da ƙungiyar masu hawan dutse ta Suwizalan. An tsara shi ya samar wa kansa kashi 90 cikin ɗari na makamashinsa daga rana: bangon kudu farantan sola ne, ruwan da ya narke a bazara ana tara shi a wani kogo da aka fafe a dutse sama da ginin, ruwan da aka yi amfani da shi kuma ana tace shi a sake zuba shi a ban-ɗaki. Gilashi mai ruɓi uku da ingantaccen abin tare sanyi su ma sun ba da damar buɗe manyan tagogi, abin da magabata ba su isa su yi ba.

Amfanin da aka samu

Babbar ribar salon ta bayyana a sana'ar hannu. Vorarlberg, jiha mai mutum kusan 400,000, ta zama makarantar ginin katako da masu zane ke zuwa gani daga ƙasashe da dama. A 1999 kafintoci da maƙera da sauran masu sana'a na yankin Bregenzerwald suka kafa ƙungiya mai suna Werkraum, a 2013 kuma suka buɗe gidan baje kolinsu a Andelsbuch, wanda Zumthor ya zana. Ƙananan masana'antun iyali da ake ganin kwanansu ya ƙare suka samu kasuwa har a waje, matasa kuma suka samu dalilin koyon sana'a a gida. A 2014 ƙauyen Krumbach ya gayyaci masu zane bakwai daga ƙasashe daban-daban, ciki har da Sou Fujimoto na Japan da Wang Shu na Sin, su zana rumfunan jiran bas. Ladansu hutu ne a yankin, masu sana'ar yankin kuma su suka gina.

Riba ta biyu ita ce ingancin gine-ginen yau da kullum. Makarantu, gidajen kula da tsofaffi, ofisoshin gunduma da garken dabbobi sun samu kulawar da a da sai manyan otal-otal. A garin Altach na Vorarlberg, Bernardo Bader ya zana maƙabartar Musulmin jihar, wadda aka buɗe a 2012. Katangunta gajeru ne na kankare mai ja-ja, sun miƙe cikin fili suna raba ƙaburburan da aka daidaita da alƙibla, ga kuma ɗakin salla da wurin wankan gawa a bayan asabarin itacen oak. Ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2013.

Riba ta uku ta muhalli ce. Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya, don haka duk bangon da aka yi da itacen dajin kusa ya rage wannan nauyi, ya kuma rage jigila. Gini mai shiga tudu yana cin moriyar ɗumin ƙasa, abin da ke rage masa buƙatar wutar ɗumama ɗaki.

Illolin da suka biyo baya

Suna kan jawo mai saye. Gidan wankan Vals ya shahara har hukuma ta sa shi cikin gine-ginen da doka ta kare shekara biyu kacal da buɗe shi, Zumthor kuma ya ci kyautar Pritzker a 2009. A 2012 taron gundumar ya kaɗa ƙuri'ar sayar da otal ɗin da gidan wankan ga wani ɗan kasuwa haifaffen ƙauyen, Remo Stoffel, aka ƙi tayin rukunin da Zumthor ke ciki. Otal ɗin ya koma na masu kuɗi sosai. A 2015 aka bayyana shirin kafa hasumiyar gilashi mai tsayin mita 381 a wannan ƙauye mai mutum kusan dubu. Ba a gina ta ba, amma muhawarar ta raba kan mazauna. Ginin da aka yi don ya ɓuya cikin tudu shi ne ya ɗaga darajar filin har aka yi tunanin dasa masa abin da ya fi kowane gini a ƙasar tsayi.

Tsadar gida ita ce illar da talakan tsauni ya fi ji a jikinsa. Dokar 2012 ta tsayar da sabbin gidajen hutu, amma ta bar tsofaffin gidajen da aka gina kafinta a buɗe, ana iya sayar da su ga baƙi. Sai kuɗi suka karkata can. A Engadin da makamantansa, tsofaffin gidajen manoma da ke tsakiyar ƙauye aka riƙa saye ana gyara su da gwaninta, 'yan gari da ma'aikatan otal kuma suna rasa wurin haya. An gudu ba a tsira ba. A Andermatt, garin da ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi bayan sojoji sun rage zamansu a can, attajirin Masar Samih Sawiris ya kafa sabuwar unguwar hutu da dutse da katako, gwamnati ta ɗage masa dokar da ke taƙaita sayar da gidaje ga 'yan ƙasar waje, babban otal ɗinsa kuma ya buɗe a ƙarshen 2013. Garin ya samu ayyukan yi da sabbin mazauna, farashin gida kuma ya yi sama.

Akwai kuma saɓani tsakanin abin da ido ke gani da abin da ƙasa ke sha. Ginin da ya ɓace cikin tudu sai an haƙe tudun, an zuba kankare mai yawa don tare nauyin ƙasa da ruwa, sannan a mayar da ƙasar a shuka ciyawa. Hoto zai nuna makiyaya, amma abin da ke ƙasa ba makiyaya ba ce. Gidan tarihin Kronplatz ma yana kan ƙololuwar da tuni tashoshin motocin igiya suka cika, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa ita ce jawo baƙi a bazara, lokacin da babu wasan zamiya. Manyan gilasai da ake so don kallon tsauni suna kashe tsuntsaye, da dare kuma suna watsa haske a wuraren da namun daji suka saba da duhu.

Cunkoso ma ya taɓa har gine-ginen da aka yi da kyakkyawar niyya. A shekarun farko, baƙin da suka kwana a masaukin Monte Rosa sun zarce ƙiyasin da aka yi lissafin wuta da ruwa a kansa, domin mutane da yawa ginin suka zo gani, sai da aka ƙara wa na'urorin ƙarfi. Dandamalin kallo na Norway sun tara motocin safa a kan siraran hanyoyi. Hotunan da ake yaɗawa a Instagram sun sa masu otal a ko'ina suna neman kwafin siffar: akwatin katako, babban gilashi, rufin ciyawa. Salon da ya taso don girmama bambancin wuri ya fara zama kaya iri ɗaya, wani lokaci ma da katakon da aka yi jigilarsa daga nesa.

Ɗumamar yanayi da sauyin ma'auni

Tun ƙarshen ƙarni na 19 zafin Alps ya ƙaru da kimanin digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, abin da ya zarce matsakaicin duniya nesa ba kusa ba. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun yi asarar kusan kashi 10 cikin ɗari na jikinsu. Abin da ya fi damun magina shi ne ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse a sama da mita 2,500, wadda ke riƙe duwatsun tun dubban shekaru. Idan ta narke, harsashin da aka kafa a kai sai ya motsa. A Agustan 2022 ƙaramin masaukin Fourche da ke yankin Mont Blanc ya rufta tare da dutsen da yake kai. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Suwizalan, mai masaukai sama da 150, ta rufe na Mutthorn saboda motsin dutse. Hanyar zuwa Monte Rosa ta ƙara wuya saboda ƙanƙarar Gorner da ake takawa ta janye.

Haɗarin ya sauko har ƙauyuka. A Agustan 2017 wani ɓangaren dutsen Piz Cengalo ya ɓalle, mutum takwas suka mutu, laka da duwatsu suka malalo cikin ƙauyen Bondo. An kwashe mutanen ƙauyen Brienz a 2023 saboda fargabar zaftarewar dutse. A ranar 28 ga Mayun 2025 ƙanƙarar Birch ta karye ta binne mafi yawan ƙauyen Blatten, kwanaki kaɗan bayan an fitar da mazaunansa kusan 300. A Norway ma an rufe hanyar Trollstigen a 2024 saboda faɗowar duwatsu. Taswirar haɗari da aka zana bisa abin da aka sani a baya tana buƙatar sabuntawa, wurin da jiya yake shuɗi yau yana iya zama ja. Saboda haka tambayar ko gini ya dace da launin dutse ta koma baya. Abin da ake tambaya yanzu shi ne ko ƙasar za ta riƙe shi shekara hamsin, ko za a iya gyara zaman harsashinsa idan ya karkace, ko kuma a kwance shi a ɗauke idan wurin ya ƙi.

Awon riba da hasara

Idan aka jera misalan, abu uku ne ke raba nasara da akasinta, kuma babu ɗaya cikinsu da ake gani a hoto. Na farko, wa ke da filin. Vrin ta riƙe nata, Vals ta sayar. Na biyu, wa ya yi aikin kuma daga ina kayan suka fito. A Bregenzerwald kuɗin gini na zagayawa tsakanin mai daji, mai injin yanka da kafinta, yayin da a manyan wuraren hutu riba kan bi mai jari ta fita. Na uku, wa ginin ke yi wa hidima: mazaunin da zai kwana a ciki duk shekara, ko baƙon mako guda.

Ko inda aka cika waɗannan sharuɗɗa, ƙarfin gini yana da iyaka. Kyawawan gine-ginen Vrin ba su mayar da ita babban gari ba, kuma a 2013 ta narke cikin sabuwar gundumar Lumnezia tare da maƙwabtanta. Farashin madara, tallafin noma, makaranta da hanyar mota sun fi zane tasiri a kan ko iyali za su zauna. Abin da salon ya tabbatar shi ne ana iya yin ginin zamani a tsauni ba tare da benen birni ko gidan gargajiya na jabu ba, kuma ana iya rayar da sana'ar wuri da shi. Abin da ya kasa shi ne rage yawan ginin kansa. Shi ya sa hankalin masu zane da hukumomi ke karkata ga gyaran abin da ke tsaye: tsofaffin rumbuna, otal-otal da aka rufe, da benayen shekarun 1960 da 1970 masu zubar da ɗumi. Kyautar Constructive Alps, wadda Suwizalan da Liechtenstein ke ɗaukar nauyinta, tana auna gyare-gyare da sabbin gine-gine a ma'auni ɗaya, tana duba makamashi, kayan aiki da amfanin jama'a tare da kyan gani. A yankin da fili mai aminci ke raguwa, yawancin aikin shekaru masu zuwa zai kasance a cikin ƙauyukan da ake da su, a kan harsashin da aka riga aka kafa.